Yadda Ake Rage Ƙarar Tsawa Wajen Kamo Raunanan Sigina a Mita 2200 da Mita 630

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu rediyon sha'awa da suka fara leƙa ƙananan zangunan nan biyu, wato mita 2200 da ke tsakanin kilohaz 135.7 da 137.8, da mita 630 da ke tsakanin kilohaz 472 da 479. Kowa da irin yadda yake faɗa, amma kukan iri ɗaya ne: na kafa eriya, na kunna rediyo, ba na jin komai sai ƙaf-ƙaf da fashe-fashe kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Wace amfilifaya zan saya?

Kada ka saya tukuna. Sau da yawa ƙarar nan ta walƙiya ce, kuma a faɗin duniya ana yin walƙiya sau arba'in da wani abu a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya tasha ce mai zaman kanta, mai ƙarfin da babu ɗan rediyon sha'awa da zai kama ƙafarta, tunda a mita 2200 doka ta tsayar da abin da eriya za ta watsa a wat 1 kacal. Amfilifaya ba ta san sigina ba, ba ta san tsawa ba, duka take ɗagawa. Abin da ake yi shi ne a juya wa ƙarar baya, a yanke ta a inda take gajeruwa, a matse ƙofar da take shigowa, sannan a jira lokacin da ta lafa. Kuma a jere ake yin su, don wanda ya tsallake matakin farko zai ɓata wata guda yana faɗa da abin da ba shi ne ke damunsa ba.

Kayan aiki

Kana buƙatar rediyon da ke sauka ƙasa da kilohaz 500 da gaske. Rediyoyin sadarwa da yawa suna nuna lambar a allo amma da gangan aka dakushe jinsu a can ƙasa, saboda tashoshin watsa shirye-shirye. Ƙananan rediyoyin da ake haɗawa da kwamfuta, irin su Airspy HF+ Discovery da SDRplay RSPdx, sun fi dacewa, kuma suna ba ka zanen da ke gangarowa a allo wanda da shi za ka ga ƙarar da idonka. Sai batir mai bolt 12, da zobban farait (baƙaƙen zobba ne da ake naɗa kebul a ciki don tare ƙara) masu lamba 75 ko 77, da kebul mai sulke, da wayar tagulla, da kamfas, da littafin rubutu. A kwamfuta kuma manhajojin tsamo raunanan sigina, wato WSJT-X da Spectrum Lab ko Argo, duk kyauta ne.

Ta fuskar kuɗi, rediyon ne kaɗai mai nauyi. Mataki na ɗaya da na uku da na shida zuwa na takwas kusan ba sa cin ko sisi, kuma su ne suka fi kawo canji.

1. Tabbatar daga sama ƙarar take

Ɗora rediyon a kan batir, kwamfutar ma ta hannu a kan batirinta, ka cire cajarta daga bango. Rubuta inda ƙarar ta tsaya a ma'auni. Sannan ka je ka kashe babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya, ka dawo ka sake dubawa.

Kunne ma yana rarrabewa. Ƙarar tsawa ba ta da tsari, tana zuwa fat, ta yi shiru, ta zo sau uku a jere, kuma a allo za ka gan ta layi ne a kwance da ya ratsa zangon daga gefe zuwa gefe. Ƙarar kayan wuta kuwa guna take yi ba ƙaƙƙautawa, ko ta fito layuka a tsaye masu tazara iri ɗaya kamar haƙoran matsefi, wani lokaci suna ɗan karkata yayin da na'urar ke ɗumama. Masu sana'ar suna kiran ta farko QRN, ta biyu QRM.

Ni da kaina na shafe makonni ina ɗora wa hadari laifi. Ranar da na kashe wutar gidan, allurar ma'auni ta faɗo da maki uku, wato wajen desibel 18 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sigina da ƙara). Na riƙa kunna layukan ɗaya bayan ɗaya ina komawa gaban allo, har na iso ga wata ƙaramar cajar fitila da ke maƙale a bayan kabad, wadda ba a ma cajin komai da ita. Da na zare ta, sai ga wani siririn layi ya bayyana a allo, ashe tun tuni yana nan a binne.

Waɗanda aka fi kamawa su ne cajojin waya, fitilun LED masu araha, inbata ta wutar sola, da na'urar ba kwamfuta wuta.

Hattara: idan gidan yana da inbata ko batirin ko-ta-kwana, kashe babban makunni ba ya kashe ta, sai ma ya tashe ta aiki. Kashe ta daban, in ba haka ba gwajin zai yi maka ƙarya.

2. Toshe ƙarar da ke bin kebul

Sulken kebul da ya taso daga ɗaki zuwa eriya yana kwasar dattin wutar gida ya kai shi bakin eriya, daga nan ya juyo ya shigo rediyo kamar sigina. Naɗa kebul siriri sau 15 zuwa 20 a cikin zoben farait, ɗaya a gindin eriya, ɗaya a inda kebul zai shiga ɗaki. Kafa sandar ƙarfe a ƙasa a waje ka ɗaure sulken a jikinta. Idan da hali, binne kebul ɗin ko ka shimfiɗa shi a ƙasa, kada ya yi lilo a sama kusa da wayoyin wuta.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne amfani da ɗan farait ɗin nan da ake matsawa a jikin kebul sau ɗaya. Wannan na manyan mitoci ne. A kilohaz 137 kusan ba ya tsinana komai, yawan naɗi da irin farait ɗin su ne magana.

Eriya kuma ta yi nesa da gini iya yadda fili ya ba ka. Mita goma da ka ƙara tsakaninta da bango sun fi duk wata na'ura da za ka saya.

3. Rage ƙarfi, kada ka ƙara

Ga gwajin da zai raba gardama. Cire eriya daga rediyo, ka rubuta matsayin shuuu ɗin da rediyon ke yi shi kaɗai. Mayar da eriya a lokacin da sama ta fi shiru, kamar da hantsi. Idan ƙarar ta ɗaga da desibel 10 ko kusa da haka, jin rediyonka ya wadatar. Idan ta ɗaga da 30, ƙarfi ya yi yawa, kunna madannin rage ƙarfi mai alamar ATT har bambancin ya dawo 10 zuwa 15. Ba abin da ka rasa, domin sigina da ƙara tare suka sauka, rediyon kuma ya samu sararin numfashi idan babbar tsawa ta buga.

Wani abu da ke sajewa da ƙarar sama shi ne manyan tashoshin matsakaicin zango. Suna cika bakin rediyo har ya fara haifar da hayaniyar da babu ita a iska. Alamarsa, idan ka sa desibel 10 na ragi sai ƙarar ta faɗi fiye da 10. Maganinsa matata mai barin ƙananan mitoci su wuce ta tare abin da ya haura kilohaz 500, a sa ta tsakanin eriya da rediyo.

4. Yi eriya mai kurman gefe

A nan aikin yake. Doguwar waya ko sanda a tsaye tana ji daga kowace kusurwa, don haka duk hadarin da ke kewaye da kai, na kusa da na nesa, a kunnenta yake sauka. Eriyar da kake watsawa da ita ba lalle ta zama ita ce ta saurare ba, kuma galibin waɗanda suka daɗe a zangunan nan sun raba su.

Mafi sauƙi ita ce eriyar zobe. Faɗin mita ɗaya ya isa. Tana ji sosai ta gefunanta biyu, wato ta bakin zoben, kuma kurma ce ta fuskokinta biyu, inda za ka leƙa ta cikin ramin. Mutane da yawa suna juya wannan a kai, su fuskantar da ramin zoben ga tashar da suke nema, su yi ta mamakin shirun.

Iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya da 'yar amfilifaya a gindinta, wadda ke ɗaukar zango mai faɗi ba sai an saita ba. Akwai kuma mai naɗi da yawa da ake saitawa da kwandensa. Ga mai haɗawa da hannunsa, na fi son ta biyun, saboda ita kanta matata ce, tana korar manyan tashoshi tun kafin su iso rediyo. Lissafinta ba wuya: naɗin da ya kai milihenri 1 yana buƙatar wajen fikofarad 1350 don ya zauna a kilohaz 137, naɗin maikurohenri 200 kuma wajen fikofarad 560 don kilohaz 475. Bar 'yar tazara tsakanin naɗi da naɗi. Kada ka haɗa kebul kai tsaye da babban naɗin, yi wani zagaye ɗaya daban a cikinsa ka ɗauki sigina daga nan. Illarta ɗaya, sai ka sake saiti duk lokacin da ka sauya zango, kuma NB da za mu zo kansa ya fi jin daɗin zobe mai faɗin zango.

Idan kana da fili, eriyar da ake kira K9AY ta fi. Gary Breed ne ya bayyana ta a 1997. Waya ce mai tsawon mita 26 da aka ɗaga tsakiyarta a kan sanda mai mita bakwai da rabi, gefe ɗaya taransifoma mai 9:1, ɗaya gefen resista zuwa ƙasa, yawanci tsakanin om 390 da 560 gwargwadon irin ƙasar wurin. Fifikonta shi ne kurman gefenta ɗaya ne, a baya, gaba kuma a buɗe. Zobe kuwa idan ya toshe gabas ya toshe yamma. Sa resista mai juyawa ka saita ta kana sauraren wata tasha da ke bayan eriyar har muryarta ta nutse. A mita 2200 abin da K9AY ke fitarwa kaɗan ne, kuma nan ne kaɗai wurin da amfilifaya ta halatta, bayan gwajin mataki na uku ya nuna ana buƙatarta.

Eriyar Beverage da ake yabo a mita 160 tana son tsawon da ya kai na igiyar rediyon guda, wato mitocin da ke cikin sunan zangon. A mita 630 sai mai gona, a mita 2200 kuwa maganar fiye da kilomita biyu ake yi, don haka mu wuce.

Hattara: duk eriyar waya da ke waje tana tara caji daga iska mai ƙura, ko yayyafi, ko hadarin da ke wucewa, sai ka ji tas-tas a jere ko wani tsiii mai hawa. Sa resista mai girma, kamar kilo'om 100 zuwa megom 1, daga wayar zuwa ƙasa don cajin ya riƙa tsiyayewa, da bututun gas mai kare na'ura daga tartsatsi. Waɗannan ba sa tare aradu. Da zarar ka ji tsawa da kunnenka, ba ta rediyo ba, cire kebul ka ajiye shi nesa da kayan, kuma kada ka taɓa shi har hadarin ya wuce.

5. Nemo hadarin, ka juya masa kurman gefen

Buɗe taswirar walƙiya ta Blitzortung a intanet, za ka ga inda ake bugawa a daidai lokacin. Manyan matattarar tsawa a duniya uku ne: tsakiyar Afirka, da arewacin Kudancin Amurka, da tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Da dare ƙararsu tana tafiyar dubban kilomita, shi ya sa za ka ga sama garau a inda kake amma rediyo na ta fashe-fashe.

Kafin ka fara farautar hadari, koyi hannunka da tashar da ba ta motsi. Tashoshin da ke yi wa jiragen sama jagora, masu maimaita haruffa biyu ko uku da Mos (saƙon ɗigo da ja) tsakanin kilohaz 190 da 535, sun dace. Kama ɗaya da rana, juya zoben a hankali har ta ɓace ko ta kusa, ka sa alama a gindin sandar da taimakon kamfas. Za ka lura kurman wurin siriri ne ƙwarai, ɗan motsi kaɗan ya fitar da kai, alhali gefen da ke ji yana da faɗi. Wannan shi ne sirrin: kada ka auna tashar da kake nema da bakin zoben, auna ƙarar da kurman gefen. Ko tashar ta kauce daga bakin zoben da digiri 45, desibel 3 kawai ka rasa, ƙarar kuwa ta faɗi da fiye da haka.

Sai dai kada ka sa rai da yawa. Tasha ɗaya ta kusa za ka iya nutsar da ita da desibel 20 ko fiye. Hadarin nesa ya bazu a sarari, kuma ta sama ƙararsa ke saukowa, don haka abin da za ka samu bai kai haka ba. Idan kuma hadarin da tashar suna layi ɗaya, zobe ba shi da abin yi maka, sai matakan gaba.

6. Yanke tartsatsin kafin a tace

Madannin da ke da alamar NB aikinsa ya rufe kunnen rediyo na ɗan ƙiftawa duk lokacin da tartsatsi ya buga. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne jeri. A zango mai faɗi, bugun walƙiya ta nesa gajere ne, bai fi 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba, kuma ya yi tsini sama da komai, don haka yana da sauƙin ganewa a cire. Da zarar ya ratsa matsattsiyar matata sai ya miƙe ya yi amo kamar an buga ƙararrawa, ya cakuɗe da sigina, ba mai iya raba su kuma. Saboda haka NB a gaba, matata a baya. Idan WSJT-X kake turawa sauti, bar matatar rediyon a buɗe, kilohaz 2.5 ko fiye, manhajar ta yi tacewar da kanta.

Wajen saiti, fara daga inda NB ba ya taɓa komai, ka riƙa matsawa har layukan kwancen nan na allo su fara dusashewa, ka tsaya. Idan ka zarce zai fara cin sigina, kuma idan akwai babbar tasha a kusa zai riƙa yanka ta yana watsa dattinta ko'ina. A FST4 da FST4W, wato tsarukan aika sigina ta kwamfuta, akwai akwatin NB a cikin WSJT-X da ake sa wa kashi cikin ɗari. Fara da 5 ko 10 a daren da ake fashe-fashe. Idan ka sa masa -1 ko -2 zai gwada matakai da dama da kansa, amma kwamfuta za ta ji a jikinta.

Sai AGC, mai daidaita ƙarfin sauti. Idan yana kan jinkiri, kowace tsawa za ta danne rediyon ya ɗauki daƙiƙa guda ko biyu kafin ya farfaɗo, kuma a wannan tsakanin siginar ta wuce. Kashe shi ka saita ƙarfi da hannu, in ba ya kasuwa ka sa shi a mafi sauri.

Hattara: madannin NR daban yake da NB. Yana sanyaya wa kunne sauti, amma yana lalata abin da manhaja ke karantawa. Kashe shi idan kwamfuta ce ke saurare.

7. Matse ƙofa, ka tsawaita lokaci

Duk lokacin da ka raba faɗin da kake saurare biyu, ƙara ta ragu da desibel 3. Daga haz 2400 zuwa 240 ka ci desibel 10. Da kunne, a Mos na yau da kullum, da wuya ka sauka ƙasa da haz 50 zuwa 100 ba tare da matatar ta fara amo ba. Daga nan sai kwamfuta.

QRSS Mos ne da aka ja shi. A QRSS3 ɗigo ɗaya daƙiƙa uku yake ɗauka, ba a jin sa, a allon Argo ko Spectrum Lab ake karanta shi da ido, a faɗin da bai kai haz ɗaya ba. Tsawa za ta zana layukanta a kai, amma ido yana bin zaren siginar ta tsakaninsu. WSPR, wani tsarin aika sigina ta kwamfuta wanda Joe Taylor ya fitar a 2008, yana aiki da zagayen minti biyu, yana tsamo sigina har wajen desibel 30 a ƙarƙashin ƙara idan aka auna a faɗin haz 2500. Saita rediyo a tsarin saurare mai alamar USB (ba ramin kwamfuta ba), kilohaz 136.000 don mita 2200, ko 474.200 don mita 630, ka bar shi ya kwana. FST4W kuma musamman don zangunan nan aka yi shi, da zagayen daƙiƙa 120, 300, 900 da 1800, na ƙarshen yana kaiwa wajen desibel 45 ƙasa da ƙara.

Hattara: agogon kwamfuta ya zama daidai cikin daƙiƙa ɗaya, ta intanet ko GPS. Kuma gwargwadon tsawon zagaye, gwargwadon yadda ake son rediyon ya tsaya cak a kilohaz ɗin da aka saita shi. A zagayen 900 da 1800 ko ɗan zamewa na ƙasa da haz ɗaya ya isa ya ɓata rabin awa. Kunna rediyon ya ɗumama na awa guda, kada iskar fanka ko taga ta riƙa bugunsa, kuma kada ka fara da dogon zagaye sai gajeren ya yi maka aiki.

8. Zaɓi lokaci

Hadari ya fi tashi daga la'asar zuwa farkon dare, don haka bayan faɗuwar rana zango yana buɗewa amma ƙara ma tana kan ganiyarta. Sa'o'i biyun da ke kafin fitowar rana sun fi daɗi, hadarin yankinka ya mutu, hanyar sama kuma ba ta rufe ba tukuna. A ƙasashe masu sanyi hunturu ne lokacin aikin, a ƙasashe masu zafi kuma rani. Da rana ƙarar nesa tana raguwa sosai, don haka tashar da ke cikin 'yan ɗaruruwan kilomita wani lokaci ta fi fitowa da tsakar rana.

9. Eriya biyu, ga wanda bai ƙoshi ba

Ana haɗa eriya biyu ta na'urar da ke juya zubin igiyar ɗaya har ƙarar da ke cikinta ta soke ta ɗayar. Timewave ANC-4 da MFJ-1026 na cikin sanannu, sai dai ka duba ko wadda za ka saya tana sauka ƙasa da kilohaz 500, domin wasu sai an yi musu gyara. SDRplay RSPduo yana yin wannan a cikin manhaja da bakinsa biyu. Zobe da gajeriyar sanda idan aka haɗa su suna ba da kurman gefe ɗaya da za ka iya zagayawa da shi kana zaune.

Saitin haka yake: daidaita ƙarfin eriyoyin biyu har ƙarar ta yi tsayi ɗaya a kowace, sannan ka juya madannin zubi har ta nutse, ka koma ka ɗan taɓa ƙarfi, ka sake taɓa zubi. Yana cin ƙara mai tushe ɗaya, kamar inbatar maƙwabci ko hadari guda da ya taru wuri ɗaya. Idan hadari uku ne a kusurwa uku, ka soke ɗaya sauran su taso.

A nan littafin rubutun zai yi maka rana. Abu ɗaya za ka sauya a dare ɗaya, ka zaɓi tasha guda ta WSPR da kake samu kullum, ka rubuta lambar desibel da manhaja ta ba ta a zagaye goma kafin sauyin da goma bayansa, a sa'o'i iri ɗaya. Zagaye ɗaya ko biyu ba sa nuna komai, domin sama da kanta tana hawa da sauka da desibel da yawa cikin rabin awa. Idan ka rasa gane ko saitinka ne ko daren ne ya lalace, buɗe wani rediyon KiwiSDR da ke yankinka ta intanet, ka sa shi a kilohaz ɗin da naka yake, ka ga ko shi ma layukan kwancen sun rufe masa allo.